Babu Matsala, In Ji Yaya

Shekarar da fetur ya yi tashin da har yau bai sauko ba, injin ban ruwanmu ya zama shi ne maigida, mu kuma barorinsa. Sai ya sha ya ƙoshi kafin iyalinmu su ga tuwo. In na tsiyaya masa galan guda, kafin in rufe bakin galan ɗin ya shanye, ya yi tari sau biyu, ya tsaya yana kallona. Akwai ranar da na ji ya yi gyatsa, ko da yake ba ni da shaida.

Lambun namu ne ni da yayana, gadon mahaifinmu, a bakin kogi, 'yar tafiya kaɗan daga gadar Wudil. Albasa muke yi da rani, sai ɗan tumatir da attaruhu a gefe. Ni malamin firamare ne a Kausani, sai an tashi nake lallaɓowa da yamma. Yaya kuwa lambun nan shi ne ofishinsa, shi ne majalisarsa, a can yake sallar azahar da la'asar a ƙarƙashin wata giginya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma har yau da furfura ta cinye min gemu, Auta yake ce min, ko da a gaban ɗalibaina ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna tafe muna ratsa shanun da ake korawa kasuwa, ya ce min ba tare da ya dube ni ba, "Mai tifar nan da yake ɗibar yashi ya sake zuwa. Yana son lambun."

Na ce, "Yana son ya ga lambun?"

"Yana son ya saya. Na ce masa ya bari mu cire albasar bana. In ta fita kamar ta bara, zan ba shi."

Na san abin da ake nufi da a ba mai yashi lambu. Na ga na maƙwabtanmu biyu da aka ba shi. Wata uku ya ishe shi ya mai da wuri rami, ramin da in akuya ta faɗa sai an nemo tsani. Rabin lambun nawa ne a shari'a, ina iya cewa ban yarda ba. Amma wanda yake tsaye a rana tun safe yana kallon shukarsa tana ƙonewa, ba ka ce masa ya daure daga cikin inuwar aji. In ina so lambun ya tsaya, sai in kawo ruwan da ba ya shan fetur. A wurin na yi niyya, kuma na faɗa masa da ƙarfi har wani bajimi ya waiwayo.

"Kafin a cire albasar nan zan kawo injin sola."

Yaya ya ce, "Da kuɗin wa?"

Na ce, "Da na masu tallafi."

Ya kauce wa kashin shanu, ya ci gaba da tafiya.

Daga ranar na zama mafaraucin tallafi. Rediyo ba ta ƙara hutawa a gidana ba. In aka ce "sanarwa," ko ina alwala sai na tsaya da buta a hannu. Na sha sanarwar ɓatan raguna da ta ɗaurin aure har na haddace dangin rabin Kano. Wani abokin aikina ya turo min saƙo a waya mai hotunan farantan sola suna ƙyalli, wai a cike suna, a tura kuɗin rajista, a kawo inji har gida cikin mako guda. Har na fara cikewa, uwargida ta leƙo ta kafaɗata.

"Malam, tallafin da sai ka tura musu kuɗi tukuna, ai kai ne mai tallafin."

Na ce mata dama gwada su nake yi. Ta ce ta sani, ta karɓe wayar ta ajiye a kan firji.

Wanda ya sa ni a hanya ta gaske wani malamin gona ne da muke haɗuwa a masallacin unguwa. Shi ya gaya min akwai wata ƙungiya mai ofis a Kano da ke ba manoman rani injin sola, ba a biyan ko kwabo wajen nema, amma ba sa ba mutum ɗaya. Sai an haɗu an yi ƙungiya mai rajista, a kawo takardar dagaci cewa filin naku ne, a kawo hotuna, a cike fom. Na tara maƙwabtanmu na fadama huɗu, muka zama lambu biyar. Da aka zo zaɓen shugaba ba a ma yi magana ba, kowa ya juya ya dubi Yaya, don shi ne babba, kuma shi ne mutumin da in ya ce rana ta faɗi ba sai ka fita ka duba ba. Ni aka ba ni sakatare saboda ni ke da biro. A fom ɗin, inda aka ce lambar wayar shugaba, na rubuta ta Yaya.

Akwai wani fili a fom ɗin da aka ce a bayyana matsalar da ake ciki. Layi biyar suka bari. Na dubi layi biyar ɗin nan na ji an raina mu. Na yago takardu uku daga littafin darasi na liƙa. Na rubuta cewa albasarmu tana kuka da dare har ana ji a kan gada. Na rubuta cewa ƙasar lambun ta tsage har wani maƙwabcinmu ya rasa takalminsa a ciki. Inda aka tambayi girman fili kuwa, na rufe ido na tuno lambun yadda yake a zuciyata, na rubuta abin da na gani. Da na karanta wa 'yan ƙungiya, ɗaya daga cikinsu har da share ƙwalla. Yaya ba ya nan ranar, ya tafi ta'aziyya Lajawa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa in dame shi da karatu ba.

Bayan kamar mako uku na iso lambu da la'asar, na tarar da shi yana gyara tiyo.

"Mutanenka sun kira," in ji shi.

Na jefar da keke. "Waɗanne mutane? Na sola? Me suka ce?"

"Wani bawan Allah ne, Hausarsa ta koyo ce, amma yana da ladabi. Mun gaisa sosai."

"Yaya, me ya tambaye ka?"

"Ya ce yaya gona. Na ce alhamdulillahi."

"To. Sai kuma me?"

"Ya ce akwai matsalar ruwa? Na ce babu matsala, ga kogi nan a cike."

Na nemi wuri na zauna a kan kunya.

"Ya ce man fetur fa? Na ce mun gode Allah. Ya ce to za ku iya ci gaba da noma a haka? Na ce da yardar Allah. Ya ce madalla, ya yi min godiya. Yaron kirki."

Na ce, "Yaya, ba gaisuwa ya kira ku yi ba. Tambayoyin fom ne. Duk abin da ka faɗa yana can yana rubutawa."

"To ƙarya na yi masa? Kogin ba a cike yake ba?"

"A cike yake, amma hawowa yake yi da ƙafarsa?"

"Kai Auta, mutumin da ban taɓa gani ba ya gaishe ni, sai in hau zazzage masa cikina? Ko lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, likita ya ce yaya jiki, da sauƙi na ce masa."

Na ce, "Shi ya sa ciwon kwana uku ya kai ka sati biyu."

Ya ci gaba da ɗaure tiyonsa da roba.

Ba a yi kwana goma ba saƙo ya shigo wayarsa da Turanci. Ya miƙo min. Sun gode da sha'awarmu, amma binciken da aka yi bai tabbatar da cewa muna da buƙata ba. Na karanta sau uku ko zai canja ra'ayi. 'Yan ƙungiya suka ce shi ke nan, ba rabonmu ba ne. Yaya ya ce dama shi bai sa rai ba. Ni kuwa washegari na nemi izini a makaranta, na sa babbar rigata ta zuwa biki, na hau mota sai Kano.

A ofishin aka haɗa ni da jami'ar da ke kula da yankinmu, wata Hajiya mai gilashi, shekarunta za su yi kusa da nawa. Tana buɗe baki ta gaishe ni na ji Zazzaganci ya zubo. Na ce a raina Allah ya kawo ni gida, don tsakanin Bakano da Bazazzagi babu shamaki.

Na ce, "Hajiya, ashe a hannun bayinmu takardarmu take. Shi ya sa ta lalace."

Ta cire gilashin ta dube ni sama da ƙasa. "Yau ga Bakano ya zo neman abu bai zo sayarwa ba. Zauna, Malam, kar ka sayar min da kujerar."

Ta sa aka nemo fayil ɗinmu. Ta shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, ta dafa ɗaya da hannun dama, ɗaya da na hagu.

"Wannan ta ce mutanen fadamarku saura ƙiris a yi musu sutura. Wannan kuma ta ce ba su da matsalar ruwa, ba su da ta mai, sun gode Allah. Malam, wanne ne lambun naku?"

Na ce, "Hajiya, kin san mutanenmu. Gaisuwa ce ya amsa."

"Na sani. Da ni na kira da na gane. Wanda ya kira baƙo ne, abin da aka faɗa masa ya rubuta, kuma ba laifinsa ba ne. Ba ku kaɗai ba ne ma. In aka bi ta waya, duk ƙasar nan babu mai ciwon kai." Ta ɗaga takarduna uku da yatsa biyu. "Amma wannan fa? Wa ya rubuta?"

Na ce, "Sakatare."

"Ina sakataren?"

"Yana jin ki."

"Ka gaya masa girman filin da ya rubuta, in gaskiya ne, gadar Wudil a cikin lambunku take, da kasuwa, da rabin kogin. Ga takardar dagaci nan, ita ba ta ce haka ba. Kuma wanda ya rasa takalmi, an samo?"

Na ce ana kan nema.

Ta yi dariya har ta dafe tebur, sannan ta gyara zama ta yi min magana ta gaskiya. Ba ta da ikon goge amsar da shugaba ya bayar. Abin da za ta iya shi ne ta buɗe fayil ɗin sau ɗaya tak, in ta je da kanta ta gani. Tana da ziyara a wajen Lajawa nan da mako biyu, za ta biyo ta wurinmu. Amma sharaɗi biyu. In sake cike fom, in auna fili da igiya, in tsaya a layi biyar. Sannan shugaban ƙungiya ya faɗi halin da ake ciki da bakinsa, tana ɗauka a na'ura, don abin da za ta kai wa na sama da ita ke nan.

"Ba zan sa masa magana a baki ba," in ji ta. "Kai ma ba za ka yi magana a madadinsa ba. In ya sake ce min babu matsala, babu matsala zan kai."

Sharaɗin farko na cika shi a kwana biyu. Na aro tef ɗin awo na makaranta, muka bi lambuna biyar ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin abin da ke cinye ƙasa kamar tef ba. Lambun da na yi shekara talatin ina ba da labarinsa ya tsuke a gabana har na ji kunyarsa. Layi biyar kuwa sai da na yi gumi. Duk kalmar da na sa mai daɗi sai in ga ba ta da wurin zama. A ƙarshe abin da ya rage shi ne: muna da ruwa a kusa, ba mu da abin ɗago shi, mun bar rabin fili ba shuka.

Sharaɗi na biyu shi ne dutsen. Kullum da yamma sai in zauna kusa da Yaya a gindin giginya in fara.

"In ta ce akwai matsala, sai ka ce akwai. Kalma ɗaya ce, Yaya. Akwai. Gwada mu ji."

"Ni ba ɗalibinka ba ne."

"To ka ce da ɗan sauran gyara."

"Auta, babanmu ya yi shekara nawa yana ja da jigo a wurin nan, ka taɓa jin ya tsaya gaban wani ya ce ya gaza? Ina da lafiya, ina da ido, iyalina suna ci. In tsaya gaban mace baƙuwa da na'ura in ce Allah ya rage ni? Ni ban iya roƙo ba."

Na ce ba roƙo ba ne, abu ne da aka ware don manoma irinmu, in ba mu karɓa ba wasu za a ba. Na kawo masa misali da taki, na kawo da allurar shanu. Na yi masa wa'azi har na ba kaina tausayi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Duk abin da ta tambaye ni, gaskiya zan faɗa mata. Ka san ni da ƙarya ba ma zama inuwa ɗaya. Amma kuka ba zan yi ba."

Ranar ta zo. Da hantsi motarsu ta tsaya a bakin hanya, Hajiya ta sauko da takalmin roba da 'yar na'urarta a hannu. 'Yan ƙungiya duk sun hallara, kowa ya sa rigar Juma'a, abin da na hana su tun jiya, don mutum ba ya neman tallafi yana ƙamshin turare. Aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka gaisa, aka sake gaisawa. An tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi hanya, an tambayi Zariya da mutanenta. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf, Hajiya ta ce, "Baba, yanzu zan kunna wannan, abin da ka faɗa shi zan kai. Ka yarda?" Ya ce ya yarda. Ta danna.

"Baba, yaya noman rani bana?"

"Alhamdulillahi."

"Akwai wata wahala da kuke sha wajen ban ruwa?"

"To, Hajiya, sai godiya. Kowa da irin tasa."

"Fetur fa, yana isar ku?"

"Ana lallaɓawa."

Ta ɗago ido ta dube ni ta saman gilashi. Ni kuma na dubi ƙasan lambu, inda fangalolin da ba mu shuka ba suke kwance fari fat, na hango a zuciyata tifa tana juya baya a wurin. An hana ni magana a madadinsa. Amma ba wanda ya hana ni magana a madadin kaina.

Na gyara murya na ce, "Hajiya, gaskiya Yaya ya faɗa miki. Mu nan ba mu da abin cewa. Albasar nan kullum sai mun ba ta ruwa. Wata rana ma sau biyu, safe da yamma, har sai ta ce ya isa."

Yaya ya juyo a hankali.

Na ci gaba. "Fetur kuwa, jarka-jarka muke ajiyewa. Jiya ma na ce a rage a ba maƙwabta, ya yi mana yawa. Can ƙasan da kika ga ba shuka, da gangan muka bari, don yara su sami wurin ƙwallo."

"Auta."

"Bara kuwa albasar da muka cire, guda ɗaya sai mutum biyu sun..."

"Kai Auta, ka ji tsoron Allah!" Ya miƙe tsaye, hularsa ta karkace. "A gaban baƙuwa? Wane kullum? Yau kwana tara rabon albasar nan da ruwa! Kwana tara! Abin da ya kamata a ba ta duk bayan kwana uku!"

Na ce, "Haba Yaya, kwana tara dai? Ni na ga kamar shekaranjiya..."

"Shekaranjiya kana ina? Kana aji kana sa 'ya'yan mutane waƙa! Hajiya, taso ki gani, kar ki tafi da maganar wannan."

Ya yi gaba, ta bi shi da na'ura, mu muka bi ta. Ya durƙusa ya tuge albasa guda ya ɗaga mata. "Dubi nan. Wata nawa da dasawa, ko ƙwan zabo ya fi ta. Dubi ganyen, duk bakin ya ƙone. Wai jarka-jarka! Galan ɗaya nake saya a wurin 'yan bumburutu, in raba shi gida biyu, in ba na sama yau, na tsakiya ya jira. Ragon da na turke don Sallah, cikin injin nan ya tafi." Ya nuna ƙasan lambu da albasar da ke hannunsa. "Wancan kuma ba filin ƙwallo ba ne. Nan ne ya fi ko'ina kyau, nan babanmu yake cire ta fari. Bana ban iya shuka shi ba. Ga maƙwabtana nan, tambaye su, akwai wanda ya shuka nasa duka? In ta fita haka, mai yashi zan ba wurin, na riga na faɗa masa. Wurin da aka haife mu aka..."

Idonsa ya sauka a kan 'yar jar fitilar na'urar. Ya dubi Hajiya, ya dubi maƙwabta da suka sunkuyar da kai, sannan ya dube ni, kallon da rabona da shi tun ranar da na jefa fartanyarsa a rijiya ina ɗan shekara bakwai. Ya sa hannu ya gyara hularsa, ya sauke murya.

"Amma dai alhamdulillahi."

Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi, Baba. Shi ma ya shiga." Ta kashe na'urar.

Da na raka ta mota ta ce min a hankali, "Bakano, Allah ya shirye ka." Na ce amin, ya haɗa da Zagezagi. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, masu nema suna da yawa, injinan kaɗan ne.

Yaya ya yi kwana shida ba ya amsa min komai sai sallama. In na zo lambu sai ya koma ɗaya gefen. A rana ta bakwai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka tsiraita ni a gaban mutane." Na ce masa na sani, ya yafe min. Ya ce ya yafe, amma in na ƙara sai ya karya min ƙafa, kuma furfurata ba za ta cece ni ba.

Albasar ta fita kamar yadda ya faɗa, ba ta fi ta bara ba. Mako biyu bayan mun cire, saƙo ya zo, wannan karon a wayata, cewa an amince da ƙungiyarmu. Na yi ta tsalle a tsakar gida har uwargida ta rufe ƙofa kada maƙwabta su gani. Na kai wa Yaya da gudu. Ya sa na karanta masa, ya ce, "Saƙo ba ya ban ruwa. Mai tifa ya zo jiya." Na roƙe shi ya ƙara min zuwa lokacin yafa iri. Ya ce zuwa yafa iri, ko kwana ɗaya ba ƙari.

Damina ta zo ta same mu muna aikin da aka ɗora mana, don namu kason ke nan: mu gina dakalin da farantan za su zauna a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, mu kewaye shi da waya, mu haƙa hanyar ruwa da za ta ratsa lambuna biyar. Na ɗauki bulo har kafaɗata ta daina gane ni. Hajiya kuwa na kira ta a waya har ta ce ta sa min suna Ciwon Kai a cikin wayarta. Kullum amsa ɗaya: kaya suna hanya. Na ce mata wannan hanya ko ta Makka ce a ƙafa ai sun isa. Ruwa ya ɗauke, aka girbe gero, maƙwabta suka fara gyaran wurin iri, dakalinmu yana nan tsirara sai ƙadangaru ke shan rana a kai. Yaya ya daina tambayata. Ni kuma na daina bi ta gaban gidan mai tifa.

Saura kwana huɗu mu yafa iri motar ta zo. Injin da aka sauke bai kai rabin wanda nake gani a mafarki ba, ɗan ƙarami ne kamar tukunyar miya, kuma na lambu biyar ne, kowa da ranarsa. Masu haɗawa suka yi ta ɗaure-ɗaure har rana ta take. Da suka gama, babbansu ya danna wani abu ya koma gefe yana goge hannu.

Yaya ya tsaya yana jira. Ya jira. Ya ce, "To a tayar mana."

Mutumin ya ce, "Ai yana aiki, Baba."

"Yana aiki ina? Ni ban ji komai ba."

Ba tari, ba hayaƙi, ba igiyar ja. Sai wani ɗan zuuu kamar sauro a nesa. Yaya ya buɗe baki zai ƙara magana, sai tiyon da ke kusa da ƙafarsa ya motsa, ya kumbura, ruwa ya fito ya jiƙa masa takalmi. Ya ja da baya. Ya tsaya yana kallonsa yana bin hanyar da muka haƙa. Sannan ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki fartanya, ya bi ruwan a baya yana buɗe masa baki fangali bayan fangali. Bai tsaya a na sama ba, bai tsaya a na tsakiya ba. Har ƙasan lambu ya kai shi, inda ƙasa ta yi fari, ya tsaya yana kallo tana sha tana yin baƙi.

Da la'asar ya sa rigarsa ya tafi gidan mai tifa shi kaɗai, bai ce in raka shi ba. Bai daɗe ba ya dawo. Ya tarar da ni ina wanke ƙafa a bakin tiyo.

"Na sallame shi," in ji shi. "Irin da muka tanada na rabin lambu ne. Ranar kasuwar Darki ka nemi izini a makaranta, ka je ka ƙaro."